Gayyar da Aka Yi Mini Ba Goro

Na san abin da ake gaya muku a kaina, kada ku ɗauka ban sani ba. Kwanan baya ma ina kishingiɗe a tsakar gidan nan na unguwar Badariya, na ji matar ɗayanku tana raɗa wa maƙwabciyarta cewa ai Baba ya taɓa taɓuwa da ƙuruciyarsa, wai iskokin ruwa ne suka shafe shi a gulbi. Ta ɗauka barci nake, ni kuwa ido kawai na lumshe. Ban ji haushinta ba, abin da ta ji ne ta faɗa. Amma tun da Allah ya ja kwanana, hannuna kuma bai kai ga rawar da za ta hana ni riƙe biro ba, gara ku ji daga bakina. Ban taɓa hauka ba. Baƙin ciki ne ya kwantar da ni wata uku, kuma saura ƙiris a sa mini mari a ƙafa saboda shi.

Lokacin muna Gulma, ba a yanke mana jihar Kebbi ba, komai sai an ce Sakkwato. Mu uku ne maza a wurin mahaifinmu: Yaya Manu, sai ni Bawa, sai autanmu Altine. Tun rasuwar tsoho Yaya Manu ne uban gida, mutum ne mai tsare gida, in ya ce a'a to magana ta ƙare. Altine kuwa ba ya minti biyar bai sa mutum dariya ba, yana da matarsa Ige da 'ya'ya biyu ƙanana. Gonakinmu wasu suna gefen gari, wasu sai an ƙetare gulbi, ni ne kuma mai tuƙa jirgin gidan. A ƙarshen daminar wannan shekara, ruwa ya cika ya batse, muka ɗauko damman gero daga ƙetare ni da Altine. A tsakiyar ruwa jirgin ya kife, damman suka danne Altine. Ni na fita. Shi sai washegari aka same shi can ƙasa da gari, Allah ya jiƙansa.

Aka yi zaman makoki, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Duk wanda ya shigo maganarsa ɗaya ce, sai haƙuri Bawa, kwana ne ya ƙare. Gaskiya suke faɗa, ni ma Musulmi ne, na yarda da ƙaddara. Amma akwai wata magana a maƙogwarona, duk sa'ad da na buɗe baki zan fito da ita sai a ce mini sai haƙuri, in mayar in haɗiye. Da kaɗan-kaɗan na daina fita. Na fara da barin bakin gulbi, na bar gona, na bar majalisa, har masallacin ƙofar gidanmu ya gagare ni. Tuwo in na sa a baki kamar rairayi. Ko ruwa innarku Kulu ta tsiyayo daga tulu, ƙarar kawai sai in ji gabana ya faɗi. Na juya wa duniya baya a ɗaki, ina kallon bango. Kulu ba abin da ba ta yi ba, baiwar Allah. Ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi har idona ya yi ja, tsofaffin matan unguwa kuma suka yanke cewa mutanen ruwa ne suka riƙe ni.

Ina da abokai uku, tare aka yi mana kaciya, tare muka fara riƙe lauje. Akwai Arzika, mai sanyin magana, wanda sai ya tauna zance sau uku kafin ya fitar. Akwai Nomau, ƙato ne, cinsa na mutum biyu, aikinsa na mutum uku. Sai Tunau, bakinsa ba ya rufuwa, ko a wajen jana'iza sai an harare shi. Da su muke gayya. To a garinmu gayya tana da tsari. Mai gona shi ne zai bi gida-gida da goro ya gayyaci mutane, ranar aiki shi zai fara sa lauje, matarsa ta dama fura ta tuƙa tuwo, a yi aiki a ci a watse. Gayya ɗaya ce ake yi ba goro ba tuwo, ba a kuma tambayar kowa, ita ce ta gonar mamaci, ko ta tsohon da ya gama aiki a duniya sai jiran sa'i. Wannan kowa zuwa yake da furarsa, a yanke a ɗaure a kawo ƙofar gida a ajiye a tafi shiru.

Shinkafata ta gefen gari ta nuna har ta fara zuba, tsuntsaye suna ta biki a kai. Abokan nan nawa suka dubi abin, tausayi ya kama su, suka tara mutane ba su gaya mini ba. Wata ranar Laraba da la'asar ina kwance sai na ji ana jibge kaya a ƙofar gida, tim, tim, ba mai magana. Na ce wa Kulu mene ne, ta ce su Malam Arzika ne suka yanko mana shinkafa. Na ce wa ya kai musu goro? Ta ce ba kowa. Na ce kin tuƙa musu tuwo? Ta ce sun ce kada ta wahala.

Wallahi ban san sa'ad da na miƙe ba. Wata biyu da rabi rabona da ƙofar gida, sai ga ni a waje ba hula, riga a birkice, ga mutane kusan ashirin suna ɗora dami kan dami.

"Arzika ɗan Gado!" na ce. "Yaushe kunka yi mini salla? Wa ya wanke ni cikinku? Nomau, kai ka haƙa kabarin?"

Nomau ya tsaya da dami a ka, baki buɗe. Arzika ya ce, "Haba Bawa, taimako munka yi nuhi."

"Taimakon mi? Gayyar matattu kunka yi mini ina da rai! Ku kwashe abinku, ba ni so!"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da suna da sunan uba, na zage su tas, na ture damman da ke kusa da ni, na koma ciki ina haki. Yau in na tuna sai in yi dariya, amma ranar ba wanda ya yi. Mutane suka watse suna cewa lallai abin na Bawa ya yi ƙarfi, an yi masa alheri yana zagi.

Yaya Manu yana tsaye ya ga komai. Bayan magariba ya shigo, bai ko dube ni ba, ya ce wa Kulu ta haɗa mini kaya. Akwai wani mai magani can bayan Birnin Kebbi da ake kai wa masu taɓin hankali, kowa ya san gidan, kowa kuma ya san abin da ake fara yi wa mutum in an kai shi, mari ne a ƙafa a ɗaure da turke. Ya ce gobe za a fita da ni zuwa Argungu a shiga mota. Duk a kunnena. Ƙarfin da na samu na zagi ya riga ya zube, na ce a raina su yi yadda suka ga dama.

Innarku ce ba ta yarda ba. Da asuba ta yafa mayafi ta tafi gidan Arzika, macen da ko kasuwa ba ta zuwa. Daga baya ta ba ni labarin yadda suka yi. Ta ce masa, "Malam Arzika, mutumin da ya kira ku ɗai-ɗai da sunan ubanninku bai ɓata ko guda ba, shi za a ɗaure? Wata biyu ban ji muryarsa ba sai jiya. Ku kunka jawo, sai ku san yadda za ku yi." Arzika ya ce ta yi gaskiya, su suka yi kuskure. Ya je ya durƙusa gaban Yaya Manu ya roƙi kwana takwas, zuwa Juma'ar sama. Yaya ya ce ya ba shi, amma ranar Juma'a ko liman ya zo ba zai saurara ba.

Da hantsi sai na ji motsi a zaurena. Su ukun ne suka zo da tabarminsu, da rama ta tufkar igiya, da wata tsohuwar raga ta Tunau da ya shekara yana cewa zai ɗinke. Arzika ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki.

"Bawa, mun yi laihi, ka gahirta muna. Shinkafarka ga ta nan, ba mai taɓa ta sai ran da ka kawo goro da hannunka. Mu dai majalisa munka maido nan, inuwar can ta yi zahi."

Ƙarya yake, inuwar can ba abin da ya same ta. Ba su jira amsa ba. Suka zauna suna aikinsu suna hirarsu, kamar ba ni a gidan. Ba wanda ya leƙo ya ce yaya jiki, ba wanda ya ce sai haƙuri. Tunau yana ta tsokanar Nomau a kan wani akushin tuwo da ya cinye a gidan surukansa har aka sake ɗora tukunya. Azahar ta yi suka tafi, washegari suka dawo. A rana ta uku na ji Tunau yana ba da labarin wani kifi da muka taɓa kamawa ni da shi, yana ta ƙara masa tsawo, har ya ce ya kai jaki. Abin ya ishe ni, na ce daga ɗaki, "Maƙaryaci, ko akuya bai kai ba." Sai Tunau ya ce, "To fito ka gwada muna da hannu, mai gaskiya." Ban fita ba ranar. Washegari na fito na zauna a bakin ƙofar zaure daga ciki, Nomau ya turo mini rama da ƙafa ko kallona bai yi ba, na ɗauka na fara tufka.

Ranar Laraba, saura kwana biyu wa'adin ya cika, muna zaune sai Tunau ya ajiye ragarsa. Matarsa ta fari ta rasu wajen haihuwa shekara huɗu kafin nan, kuma duk gari an yaba masa, an ce ba a taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, kwana uku ya koma raha.

"Kun san inda nike zuwa kullum da hantsi shekarar da Hajo ta rasu?" ya ce. "Kuna cewa Tunau ya cika son gona. Cikin dawa nike shiga, inda ba mai ganina, in yi kuka har in gaji, in wanke ido a rijiya in dawo in ba ku dariya. Wata shida ina haka."

Nomau ya ce, "Kai? Mi ya hana ka gaya muna?"

"In ce mi? Namiji da gemu?"

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa sai na ji maganar nan da ke maƙogwarona ta taso, wannan karon kuma ba wanda ya tare ta. Na ce musu ranar da abin ya faru Altine ya dubi jirgin ya ce, Yaya, lodin ga ya yi yawa, mu yi sawu biyu. Na ce masa rana ta yi, ba ni dawowa, shiga mu tafi. Har na yi masa dariya na ce ya cika tsoro. Ya shiga don ni ne babba. Na faɗa musu haka, na kifa kai a gwiwa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Suka bar ni na yi. Ina jira a ce kwana ne ya ƙare, sai na ji Arzika ya yi gyaran murya.

"I, lodin ya yi yawa," ya ce. "Ina tsaye bakin gaɓa sa'ad da kunka taso, na gani da idona. Na ɗaga hannu in kira ka, sai na ce Bawa ya hi ni sanin jirgi, na sauke. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Gayyar nan ma da na tara, don in samu sauƙin raina na yi, ba don kai kaɗai ba."

Ku ji fa, wata uku ana rarrashina ban ji sanyi ba, sai ranar da mutum ya ce mini i, ka yi kuskure. Na ɗago na dube shi, idonsa jawur. Nomau ya fyace hanci da ƙarfi har kajin gidan suka watse, ya ce shi dai yunwa yake ji, Kulu ta taimaka da ɗumame. Ranar na ci abinci da su a akushi ɗaya, kuma na ji ɗanɗanonsa.

Juma'a da sassafe Yaya Manu ya zo da mutum biyu majiya ƙarfi, da igiya a hannun ɗayansu. Ya ishe su Arzika zaune a zaure. Ni kuwa na yi wanka, na sa riga da hula, na fito na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba. Na san in na yi kuskuren kalma ɗaya an gama. Tun daren Laraba na yanke abin da zan ce. Gonar Altine tana ƙetare, a ƙasa mai zurfi, shinkafarta ba ta nuna da wuri, sai a makon nan ta isa yanka. Ita ce gonar da ta cancanci gayya ba goro.

"Yaya," na ce, "shinkafar Altine ta nuna, Ige na cikin takaba. Ka bar ni in ƙetare da mutane a yanke. In mun dawo ka ga hauka gare ni, ni zan miƙa ƙafa da kaina."

"Wa za ya tuƙa?"

"Ni."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Mu je in gani."

Jirgin yana kife a bakin gaɓa tun ranar da aka jawo shi, ba wanda ya taɓa. Muka birkice shi muka tura. Da ruwa ya taɓa mini ƙafa na ji kamar in juya in ruga, na tsaya cak riƙe da sandar tuƙi. Su Arzika suka shiga suka zauna suna ta gardamar wa ya manta da gorar fura, kamar ba su ga komai ba. Mutanen Yaya biyu ma suka shiga, da Yaya zai sa ƙafa na ce ya dakata, sawu biyu za mu yi. Na ƙetare da su biyar, ban dubi tsakiyar ruwan ba, bayan wuyan Nomau kawai nake kallo har muka taɓa ƙasa. Na sauke su na juyo ni kaɗai na ɗauki Yaya.

Mu biyu ne a jirgin, yana zaune ya ba ni baya. Da muka kai daidai wurin na gaya masa abin da na gaya wa su Arzika, ban rage komai ba. Bai juyo ba. Can sai na ga kafaɗarsa tana motsi, mutumin da ko ranar rasuwar mahaifinmu ban ga hawayensa ba.

"Wata uku kowa ya gamu da ni sai ya ce yaya jikin Bawa," ya ce. "Ba wanda ya ce, Manu, kai fa? Ni ma ƙanena ne."

Na ci gaba da tuƙi, shi kuma ya ci gaba da magana.

"Kana tsammanin daɗi nike ji in ɗaure ka? Kullum na tashi sai na leƙa bakin gulbi, ina tsoron in ishe rigarka. Na binne ɗaya, Bawa. Ba ni iya binne biyu."

Muka yanke shinkafar Altine ranar, har muka samu Juma'a. Igiyar da aka zo ɗaure ni da ita ban san inda ta shiga ba, ban kuma tambaya ba. Ba zan ce muku daga ranar na warke sarai ba. Na yi shekara ina samun ranakun da ba na son ganin kowa, sai dai yanzu ina da inda zan faɗa. Da Ige ta fita takaba na je na gaya mata gaskiya ita ma. Ta yafe mini, amma 'yan'uwanta sun yi shekaru ba sa amsa gaisuwata, na kuma ɗauka, don suna da hujja. Sunan mai iskokin ruwa ya bi ni har yau. Duk da haka na yi noma shekara talatin bayan nan, na aurar da ku, na aurar da 'ya'yan Altine, na ga jikoki, alhamdu lillahi ba ni da abin da zan ce wa Allah sai godiya.

Washegarin yankan, ranar Asabar, na sa goro a aljihu zan bi gida-gida in kira gayyar bugun shinkafata. Ina shiga zaure na ga mutum zaune a lungu kan buzu, ya riga su Arzika zuwa. Yaya Manu ne, wanda bai taɓa zama majalisar ƙannensa ba. Ya ɗauki rama yana juyawa a hannu, ya dube ni a ɗan kunyace.

"Da wane lokaci suke zuwa?" ya ce.

Na ce yanzu za su zo, Yaya. Na zauna kusa da shi muka jira su.